Tsiron Hanji: Yakan Ba Mutum Shekara Goma Kafin Ya Zama Ciwon Daji

RAN Jumma'a, 12 ga watan Yuli na shekarar 1985, Shugaban Ƙasar Amurka na wancan zamani, Ronald Reagan, ya shiga Asibitin Sojan Ruwa da ke Bethesda, kusa da birnin Washinton, domin a cire masa wani ɗan tsiro da likitoci suka gani a hanjinsa a cikin watan Maris. Kowa ya ɗauka ƙaramin aiki ne. To, amma da likitoci suka zura madubinsu har can ƙuryar babban hanji ta wajen dama, sai suka yi kiciɓis da wani tsiro dabam wanda ba a san da zamansa ba, faɗinsa ya kai inci biyu, watau santimita 5.

Kashegari Asabar aka yi masa aiki na kusan sa'a uku, aka yanke kimanin ƙafa biyu na hanjinsa. Kafin a sa shi barci sai da ya miƙa ragamar mulki ga mataimakinsa, George Bush, wanda ya riƙe ƙasar har wajen sa'a takwas. Ran Litinin kuwa Dokta Steven Rosenberg ya tsaya gaban 'yan jarida ya faɗa musu cewa an sami ciwon daji a cikin tsiron. Ciwon ya fara cin bangon hanji, amma bai fita waje ba. A lokacin Reagan yana da shekara 74. Ya warke, ya gama mulkinsa a 1989, kuma likitoci suka ci gaba da leƙa hanjinsa suna cire ƙananan tsiro da suka sake fitowa. Bai rasu ba sai a shekarar 2004, yana da shekara 93, kuma wata cuta dabam ce ajalinsa.

Bayan shekara 36, ran 19 ga watan Nuwamba na 2021, wani Shugaban Amurka, Joe Biden, ya kwanta a asibitin soja na wannan wuri domin irin wannan bincike. Shi ma an sami tsiro, amma nasa milimita 3 ne kawai, bai fi ƙwayar gero ba. Nan take aka tsinke shi, kuma bayan minti 85 ya karɓi mulkinsa daga hannun mataimakiyarsa, Kamala Harris. Likitansa ya bayyana cewa tsiron ba ciwon daji ba ne, amma iri ne wanda zai iya zama in aka ƙyale shi.

Tsiron mutanen nan biyu dangi ɗaya ne. Abin da ya raba su shi ne lokacin da aka gan su. An cire na Biden tun yana ƙwaya, na Reagan kuwa sai da ya shekara da shekaru yana girma a ɓoye.

MENE NE TSIRON HANJI?

Babban hanji shi ne ƙarshen hanyar abinci a cikin ciki. Tsawonsa ya kai ƙafa biyar, ya taso daga ƙasan ciki ta dama, ya haura, ya gitta, ya gangaro ta hagu har zuwa dubura. Aikinsa shi ne ya tsotse ruwa daga ragowar abinci, ya tara bayan gida. Cikinsa a shafe yake da wata siririyar fata mai laushi kamar ta cikin kumatu, wadda aka gina da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. Waɗannan ƙwayoyi ba sa daɗewa. Cikin ƙasa da mako guda tsofaffi sun zube, sababbi sun maye gurbinsu, haka nan tun daga haihuwa har mutuwa.

Wani lokaci sai ƙwayoyin wani ɗan wuri su riƙa hayayyafa fiye da kima, su ƙi zubewa, har su taru su yi tudu. Wannan tudu shi ne tsiro, wanda likitoci ke ce wa folif. Wani yana da wuya da kai kamar naman kaza, wani kuma a shimfiɗe yake, ya lafe a jikin bango.

Tsiro iri-iri ne. Akwai ƙanana farare-farare da akan samu kusa da dubura, waɗanda galibi ba su da wata illa. Akwai wanda ake kira adinoma, shi ne uban tafiya a wannan magana, domin kuwa daga gare shi yawancin ciwon dajin hanji ke tasowa. Sa'an nan akwai wani shimfiɗaɗɗe mai baki kamar haƙoran zarto, wanda ya fi son zama a ɓangaren dama, ga shi da wuyar gani, kuma shi ma yakan rikiɗe. A ƙasashen Turai da Amurka, in aka leƙa hanjin mutanen da suka haura shekara 50, akan sami adinoma a jikin kimanin mutum ɗaya cikin kowane uku ko huɗu. Mafi yawansu ba sa zama kome har mai su ya tsufa ya rasu. Wahalar ita ce ba mai iya duban ƙaramin tsiro ya rantse cewa wannan ba zai rikiɗe ba, saboda haka duk wanda aka gani cire shi ake yi.

YADDA ƘWAYA KE KARKACEWA

In an cire tsiro, akan kai shi ɗakin bincike, a yanka shi siriri, a rina shi, wani likita ya duba shi da madubi. Ƙwayoyin hanji masu lafiya a jere suke, girmansu ɗaya, kamar sahun masallaci. A cikin adinoma kuwa sahun ya fara karkacewa, ƙwayoyin sun yi tsawo, cikinsu ya yi duhu, sun cunkushe. Wannan canjin kama shi likitoci ke kira disfilasiya, kuma sun kasa shi gida biyu. Akwai ƙaramar karkacewa, wadda ita ce ake samu a yawancin adinoma. Akwai kuma babbar karkacewa, inda sahun ya watse, ƙwayoyin suka hau kan juna, har suka yi kama da na ciwon daji.

Duk da haka, muddin ƙwayoyin nan suna zaune a kan fatar sama, ba a kira su ciwon daji ba tukuna. Ƙarƙashin wannan fata akwai wani siririn shinge na tsoka. Ranar da suka huda shingen suka shiga naman da ke ƙasa, inda hanyoyin jini da na ruwan jiki suke, ran nan ne sunan ya canja, domin daga nan suna iya bin hanya su tafi kaluluwar ciki, ko hanta, ko huhu. Saboda haka wanda takardar asibiti ta ce an sami babbar karkacewa a tsironsa, kuma an cire shi duka, an kama ɓarawo ne a bakin ƙofa kafin ya shiga ɗaki.

A shekarar 1990 wasu masana biyu na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka, Eric Fearon da Bert Vogelstein, suka bayyana dalilin da ya sa wannan tafiya ke ɗaukar lokaci. A cikin kowace ƙwaya akwai umurnin halitta da ke sarrafa ta, kuma ba kuskure ɗaya ke lalata shi ba. Direban babbar mota zai fi kowa gane misalin. Da farko wani sashe da ake kira APC ya lalace, kamar a ce birkin ƙafa ya tsinke, sai ƙaramin tsiro ya fito. Daga baya wani sashe, KRAS, ya maƙale kamar totur da ya ƙi dawowa, sai tsiron ya girma. Can kuma sai wani mai suna TP53, wanda yake kamar birkin hannu, shi ma ya tafi, sai mota ta ƙwace. Tsakanin kuskure na farko da na ƙarshe galibi akan ɗauki shekara goma, wani lokaci fiye.

GIRMA DA KAMA SU NE MA'AUNI

Likitocin Asibitin St Mark da ke Landan, ƙarƙashin Dokta Basil Morson, sun bi dubban tsiro da aka cire, suka buga abin da suka gani a shekarar 1975. A cikin adinoma da bai kai santimita 1 ba, kimanin kashi 1 daga cikin 100 ne aka sami ciwon daji a ciki. Tsakanin santimita 1 da 2, abin ya hau zuwa wajen kashi 10. Wanda ya wuce santimita 2 kuwa, kusan rabi ne. Kama ita ma tana da nata. Tsiro mai santsi, wanda ƙwayoyinsa suka yi kamar ƙananan bututu, haɗarinsa kaɗan ne. Mai geza-geza kamar tawul kuwa, irin na Reagan, an sami ciwon a cikin kimanin kashi 40 daga cikin 100.

Wani bincike na Asibitin Mayo a Amurka, wanda aka buga a 1987, ya nuna abin da ke faruwa in aka ƙyale tsiro. Sun koma kan takardun mutum 226 na zamanin da ba a fara cire tsiro da madubi ba, waɗanda hoton ciki ya nuna suna da tsiro na santimita 1 ko fiye, aka bar musu shi ana kallo. Bayan shekara 5, kashi biyu da rabi daga cikin 100 ne ya zama ciwon daji. Bayan shekara 10 ya kai kashi 8. Bayan shekara 20 ya kai kashi 24.

Amfanin cirewa shi ma an auna shi. Wani babban bincike da Dokta Sidney Winawer ya shugabanta a Amurka ya bi mutum 1,418 da aka cire wa adinoma, ya kuma bayyana a 1993 cewa kamuwarsu da ciwon dajin hanji ta ragu da kashi 76 zuwa 90 daga cikin 100 bisa abin da aka zata. Da aka ci gaba da bin sawun mutanen har wajen shekara 16, sai aka sanar a 2012 cewa mutuwa daga wannan ciwo ta ragu da fiye da rabi.

INA RUWAN ƊAN AREWA MAZAUNIN KUDU?

A da ana ɗaukar wannan ciwo na Turawa ne. Dokta Denis Burkitt, wani likitan fiɗa da ya daɗe yana aiki a Yuganda, ya lura cewa da ƙyar yake ganinsa a wurin mutanen karkara, ya kuma rubuta a 1971 cewa abincinsu mai dusa da ganye shi ke kare su. Tsofaffin rahotannin asibitocin Nijeriya su ma sun nuna adinoma ba shi da yawa a nan. Amma tun da na'urar leƙa hanji ta yawaita, likitocin ƙasar nan suna ƙara cin karo da shi, kuma ciwon dajin hanji ya shiga cikin manyan cututtukan daji biyar da suka fi yawa a Nijeriya. Abu biyu ne likitocin fiɗa suka daɗe suna kuka da su: masu ciwon a nan sun fi na Turai ƙuruciya, kuma yawancinsu ba sa zuwa asibiti sai ciwo ya ci ƙarfinsu.

Canjin abinci yana da hannu. A shekarar 2015 Dokta Stephen O'Keefe ya yi musayar abinci tsakanin baƙar fata 20 na birnin Pittsburgh a Amurka da mutanen karkara 20 na Afirka ta Kudu. Cikin mako biyu kacal, fatar hanjin waɗanda suka koma cin nama da maiƙo ta nuna alamun kumburi da saurin hayayyafar ƙwayoyi, na waɗanda suka koma cin masara da wake kuwa ta lafa. A wannan shekara ce kuma hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa naman da aka sarrafa da gishiri ko hayaƙi ko magungunan hana ruɓa, irin su sosej da naman gwangwani, cikin abubuwan da ke jawo ciwon dajin hanji, ta ce giram 50 kowace rana yana ƙara haɗari da kimanin kashi 18 daga cikin 100. Taba, da giya, da ƙiba, da yawan zama wuri ɗaya, duk suna cikin lissafi.

Wannan magana ta shafi wanda ya baro tuwon dawa da miyar kuka da fura da kwaɗon zogale a gida, ya zo Agege ko Mile 12 ko Sabon Badun ko Fatakwal, abincinsa ya koma farin burodi da shayi da safe, taliyar leda da rana, nama da lemon kwalba da dare, ga kuma wuni a zaune a kan benci ko cikin mota. Ba wanda ya ce a bar nama. A dai rage yawansa, a dawo da wake da gero da ganye da 'ya'yan itace, waɗanda ba su yi wuya a kasuwannin Kudu ba.

KO WANE JINI BASIR NE?

Babban abin da ke cinye shekarun nan goma shi ne kalmar basir. Tsiro ba ya ciwo, kuma galibi ba ya nuna wata alama. In ya nuna, to, jini ne a bayan gida, ko majina, ko ƙarancin jini da kasala wadda ba a san dalilinta ba. Da zarar mutum ya ga jini sai ya ce basir ne ya motsa, ya nufi tasha ko bakin masallacin Jumma'a ya sayi saiwa ko gari. Jinin tsiro kuwa dama yakan zo ya ɗauke da kansa, sai a ce magani ya yi aiki, alhali tsiron yana nan yana girma.

Gaskiya ne basir da atini da tsagewar dubura su suka fi kawo jini. Amma likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, ƙarƙashin Farfesa Olusegun Alatise, tare da abokan aikinsu na asibitin ciwon daji na Memorial Sloan Kettering a Amurka, sun leƙa hanjin mutum 362 masu shekara 45 zuwa sama da suka zo da zubar jini ta dubura. A sakamakon da suka buga a 2018, kusan mutum ɗaya cikin biyar ciwon daji ne da shi. Sun kuma gano cewa in jinin ya haɗu da rama da canjin yadda mutum ke bayan gida, watau zawo ko taurin ciki da ya ƙi wucewa, to, haɗarin ya ƙaru ƙwarai. Mutum yana iya zama da basir da tsiro a lokaci guda, kuma ba mai iya rabe su sai an duba.

YADDA AKE LEƘAWA

Binciken da ya fi kowanne shi ake kira kolonoskofi. Tun a shekarar 1969 wasu likitoci biyu a Niyok, William Wolff da Hiromi Shinya, suka fara cire tsiro ta wannan hanya ba tare da an tsaga ciki ba. Kwana guda kafin aiki mutum zai bar abinci mai nauyi, ya sha maganin wanke ciki. Ran aiki a yi masa allurar da za ta sa shi gyangyaɗi, a lulluɓe shi, sa'an nan a zura wani bututu mai laushi, kaurin yatsa, mai fitila da madubi a baki. In an ga tsiro sai a zarga masa siririyar waya a tsinke shi. Ba ya zafi, domin fatar cikin hanji ba ta jin yanka. Aikin kimanin rabin sa'a ne, kuma galibi a ranar ake komawa gida. Akan sami zubar jini ko hujewar hanji, amma ba safai ba.

Kunya ita ce ke hana mutane da yawa, musamman dattawa da matan aure. Mai haƙuri yana da ikon ya nemi a suturta shi, ya kuma tambaya ko akwai likita mace in mace ce. Wanda ya guje wa kunyar rabin sa'a, in ciwo ya yi nisa yakan ƙare da jakar bayan gida a gefen ciki.

Akwai kuma gwajin bayan gida mai neman ɓoyayyen jini, wanda ya fi araha nesa ba kusa ba. Likitocin Ife sun gwada shi a kan mutum fiye da 2,000, suka sanar a 2022 cewa kimanin ɗaya cikin biyar ya nuna jini, amma da aka leƙa, 'yan kaɗan ne ƙwarai ke da ciwon daji. Watau wanda gwajinsa ya nuna jini kada hankalinsa ya tashi, amma kuma kada ya tsaya nan, sai an leƙa.

Bayan an cire tsiro, takardar ɗakin bincike ita ke nuna ranar dawowa. Bisa ƙa'idar da likitocin Amurka suka fitar a 2020, wanda ba a sami kome ba sai bayan shekara 10. Mai ƙaramin adinoma ɗaya ko biyu, shekara 7 zuwa 10. Wanda nasa ya kai santimita 1, ko mai geza ne, ko yana da babbar karkacewa, shekara 3. Wanda aka cire wa fiye da goma, shekara 1. Don haka ya kamata mutum ya karɓi takardarsa, ya sa likita ya yi masa bayanin yawan tsiron da girmansa da irinsa, ya kuma adana ta ko da zai koma gida Arewa.

SU WA YA KAMATA SU FARA?

A Amurka an saukar da shekarun fara bincike daga 50 zuwa 45 a shekarar 2021, saboda yadda ciwon ke ƙaruwa a cikin matasa. Ɗan wasan fim ɗin nan Chadwick Boseman shekararsa 43 lokacin da ciwon ya kashe shi a 2020. Wanda uwa ko uba ko ɗan'uwa na ciki ɗaya ya taɓa yin ciwon, haɗarinsa ya ninka na sauran jama'a, kuma ana ba shi shawara ya fara tun yana shekara 40, ko shekara 10 kafin shekarun da ɗan'uwan ya kamu. Shi kansa Reagan, 'yan kwanaki kafin nasa aikin aka yi wa yayansa Neil irinsa. Akwai kuma wasu zuriyoyi ƙalilan da ke gadon tsiro ɗaruruwa tun suna samari, da wasu da tsironsu ke rikiɗewa cikin shekara biyu ko uku. Gidan da aka rasa mutum biyu ko uku da ciwon ciki tun ba su tsufa ba, ya kamata a faɗa wa likita. Wanda kuwa ya riga ya ga jini ko rama ba ya jiran wasu shekaru.

Kuɗin aikin yana da nauyi a kan talaka, wannan ba a musu. Amma bai kama ƙafar kuɗin fiɗa da allurai da jinyar watanni ba. A Amurka, cikin mutum goma da aka kama ciwonsu bai fita daga hanji ba, wajen tara suna raye bayan shekara biyar. In ya riga ya kai hanta ko huhu, ba su kai biyu ba.

Ta wannan fuska mazaunin Kudu yana kusa da magani. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ikko yana nan Idi-Araba, maƙwabcin unguwar Hausawa. Na Badun ba shi da nisa da Sabo. Akwai na Ife, da Binin, da Inugu, da Fatakwal, haka kuma a gida akwai na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Sakkwato da Maiduguri da Jos. Sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin ƙungiyoyin direbobi da mahauta da 'yan kasuwa, waɗanda suka saba tara gudummawa in ɗan'uwa ya kwanta ko za a kai gawa gida, suna iya ware wani abu daga ciki domin a duba dattijon da ya fara ganin jini tun yana kan ƙafarsa.

Allah Ya ƙara wa jama'a lafiya, amin.